Daga Tiga zuwa Gashuwa: kowa ya faɗi yadda ruwan nan ya yi da shi

Ɗan Guri:
Salamu alaikum jama'a. Masu noma da masu su da masu kiwo a bakin kogin Haɗeja don Allah ku matso. Mu nan wajen Guri fadamar da kakanmu ya noma shinkafa yanzu ciyawar kacalla ce zalla, ta fi mutum tsayi, kwale-kwale ma sai da adda yake ratsawa. Dattawa suna cewa da can ruwa da damina yake zuwa ya malale, da kaka ya janye a bi danshin a shuka wake, rani na yi ƙasa ta bushe ƙaf. Tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara da na Challawa a 1992 ruwa ya daina yankewa, yana nan kwance shekara zagaye, ita kuwa kacalla abin da take so kenan. Ku a wajenku ya ake ciki?

Na Kura:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ni ba zan zagi Tiga ba, da ita muka tashi. Shinkafa da damina, alkama ko tumatir da rani, in ka je Kwanar Gafan lokacin tumatir ka ga motoci ana lodi zuwa kudu za ka san ruwan nan ya rufa wa mutane asiri. Amma mu ma na ƙarshen kanal muna ji a jikinmu, na gaba ya sha ya bar kofa a buɗe ruwa na zuba a banza, kai kuma kana zaune da injin ban ruwa kana ƙona fetur.

Baba Mai Koma, Nguru:
Yaro na Kura, wannan ruwan da ka ce yana zuba a banza mu yake samu. Ƙasa da Haɗeja kogin rabuwa yake, to hannuwan da ke tafiya gabas yashi da kacalla sun cushe su, sai ruwan ya taru ya bi ta hannun Marma ya nufo mu. Gonar gerona ta tudu wadda ban taɓa tunanin ruwa zai hau ba yau a cikinta nake kafa gura. Kifin ma ya shige cikin kacalla, ka jefa birgi ya maƙale ka jawo shi a yage. Ga tsuntsayen jan-baki, a nan suke kwana su hayayyafa, da asuba su tashi kamar hadari su sauka a shinkafar mutane, yara tun duku-duku suna gona da gwangwani da igiya suna ihu maimakon makaranta.

Maman Walida, Gashuwa:
Sannu Baba, Allah ya kawo sauƙi. Ku ruwa ya yi muku yawa mu kuma nema muke. Ni bandar kifi nake, kuma maigida yana ɗan noman albasa a bakin kogi, rani na tsananta sai ka ga yashi fari a tsakiyar kogin ana haƙa rami ana jiran ya tsatso. In ba don na Jama'are da ke haɗuwa da na Haɗeja a kusa da mu ba ai da ban san ya za mu yi ba, shi yasa duk sanda aka tayar da zancen gina dam ɗin Kafin Zaki a kan na Jama'aren gabana faɗuwa yake wlh.

Bafillace:
Kowa ya faɗi nasa ba wanda ya tuna da shanu. Da, ruwa na janyewa muke sauka fadama. Yanzu rabi kacalla, saniya ba ta damu da ita ba in ta tsufa, rabin kuma lambu ne jere har bakin ruwa. Mashayar da na sani tun ina yaro na je na tarar da tattasai a kai, burtalin ya matse sai dai a jera shanu ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ta kauce ta ci kunya biyu sai ga ka gaban mai gari ana lissafi.

Na Kura:
Malam ai mu ma ba mu san iyakar burtalin ba, haka muka saya. Da an kafa duwatsun alama wa zai noma?

Tsohon ma'aikacin safiyo:
Na Kura ka taɓo wajen. Na yi shekaru ina awon filaye, na sha zuwa in tarar wurin da aka yanka fuloti hanyar ruwa ce sak, tsofaffin garin suna nuna maka inda ruwa yake kaiwa a jikin bishiya amma takarda ta riga ta fita. Kuma ku duba yadda abin yake a rarrabe, dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnan kowace jiha, gonakin karkara ƙaramar hukuma ke ba da izininsu, manyan madatsun ruwa kuma na tarayya ne. Kogin ya ratsa Kano, Jigawa da Yobe har Tafkin Chadi, na Jama'are ya taso daga tsaunukan Jos ya bi ta Bauchi, amma mai yanka fili a Jigawa ba ya zama tebur ɗaya da mai sakin ruwa a Kano, balle da masunci ko makiyayi. A ambaliyar 2022 wasu gidajen da na gani a ruwa tun ranar awo na san haka za ta faru.

Ɗan Guri:
Ranka ya daɗe haka ne. Mu dai gayya muke yi, garuruwa su haɗu da adda da lauje a shiga ruwa har ƙirji a sare ta ƙasa da ruwa don ta ruɓe, ga matsattsaku ga sauro, kuma in garin gaba bai yi nasa ba wahalar banza ce, ruwan ba inda za shi.

Baba Mai Koma, Nguru:
To ɗana in za ku sake shiga bana ku aiko mana da wuri, kafin ruwan sama ya kankama. Mu fara daga nan ku faro daga can. Maman Walida ki gaya wa maigida ya yi wa mutanensu magana su ma, ai in kogin ya buɗe ruwan wajenku zai nufa.