Digiri na biyu a koyar da kiɗa ta intanet: ilimi ne ko sayen takarda?

Maman Ummi (Idi-Araba): Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. CCA, wato darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma ɓangaren kiɗa duk a wuyana yake, don shi na karanta a NCE kafin in yi digiri a fannin ilimi. Ina son yin digiri na biyu a koyar da kiɗa, amma ajiye aiki ba zai yiwu ba, ga yara ga hidimar gida. Na ga Jami'ar Boston da Jami'ar Florida a Amurka suna yin wannan karatu gaba ɗaya ta intanet, musamman don malaman da ke bakin aiki. Wa ya san kan abin?

Malam Na-Agege: Wa alaikumus salam. Malama, gaskiya ɗaya ce, ba a koyon kiɗa ta waya. Duk wanda ya ce ya yi digirin kiɗa ta intanet, takarda ya saya. Kiɗa aikin hannu ne da kunne. Sai malami ya kama yatsanki ya gyara, ya ji numfashinki, ya tsayar da ke a tsakiyar baiti. Ki riƙe kuɗinki.

Malama Talatu (Obalende): Malam, da girmamawa, ka haɗa abu biyu wuri guda. Koyon kiɗa daban, koyon yadda ake koyar da shi daban. Ni ina koyar da waƙa a firamare, ina kuma jagorantar mawaƙan cocinmu, kuma na bi tsarin irin waɗannan kwasa-kwasan na duba. Ba wanda zai koya wa Maman Ummi riƙe sarewa a ciki. Abin da ake karantawa shi ne tsara manhaja, yadda kunnen yaro ke girma daga shekara zuwa shekara, tarihi da falsafar koyar da kiɗa, auna fahimtar ɗalibi, da hanyoyin bincike. Yawancinsa karatu ne da rubutu da tattaunawa. Wannan me zai hana a yi shi daga Idi-Araba?

Malam Na-Agege: To ai kin ƙara ƙarfafa maganata. Digirin kiɗa ba kiɗa a ciki.

Injiniya (Ijora): Bari in shigo da abin da na sani, don Malam yana da gaskiya ta wani gefen. Mutum biyu ba za su iya kiɗa tare daga Legas zuwa Amurka ba, ko da kuwa sabis ɗinsu ya fi na kowa. Makaɗa kan fara rikicewa idan jinkirin sauti tsakaninsu ya kai wajen kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kamar abokin kiɗanka ya tsaya mita 10 daga gare ka ke nan. Tsakaninmu da Boston ya haura kilomita 8,000, haske kuma a cikin wayar ƙarƙashin teku yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ko da wayar a miƙe take sambal, an riga an wuce iyaka kafin na'urori su ƙara nasu jinkirin. Sannan Zoom da ire-irensa an gina su ne don magana, suna ɗaukar ƙarar ganga a matsayin hayaniya su danne ta, sai an shiga saiti an kunna na makaɗa. Saboda haka amshi da karɓi kai tsaye babu shi. Ɗaukar bidiyo a tura a gyara maka, wannan kam yana aiki sosai.

Malama Talatu: Na gode Injiniya, wurin da zan zo ke nan. Wanda ya ajiye aiki ya koma jami'a shekara biyu, ɗalibai nawa yake gani? Sai lokacin koyarwar gwaji. Maman Ummi kuwa aji cike yake gabanta kowace safiya. Abin da ta karanta daren Litinin za ta gwada shi ranar Talata, ta ɗauki bidiyon darasin da izinin makaranta da iyaye, ta tura, a nuna mata inda yara suka ɓace mata. Ni a ganina, ga malamin da ya riga ya iya hannunsa, zama a bakin aiki shi ne ƙarfin wannan karatu, ba rauninsa ba. Amma Maman Ummi, akwai abin da za ki fara tambaya. Da yawa daga cikin waɗannan jami'o'i digirin farko a kiɗa suke nema, naki kuma na ilimi ne. Ki rubuta musu ki ji ko NCE ɗinki da shekarun aikinki za su wadatar.

Baba Hedimasta: 'Ya'yana, ina bin ku tun ɗazu. Wannan gardamar ta girmi intanet. Tun zamanin Turawa akwai 'yan Najeriya da suka yi digirin Jami'ar Landan ta hanyar wasiƙa, darasi ya zo ta gidan waya, su amsa su mayar. A 1976 aka kafa NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a Kaduna, kuma ta nan ne dubban malamai masu Giredi Tu suka samu NCE suna koyarwa ranakun mako, suna karatu Asabar da lokacin hutu. Mu da muka shugabanci makarantu mun ga irin raina su da aka yi, aka ce rabin takarda ce. Wasu cikinsu sun fi 'yan kwaleji iya riƙe aji, wasu kuwa sai addu'a. NOUN, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, ma haka ta sha, an kafa ta 1983, aka dakatar 1984, ba ta dawo ba sai 2002, hedikwatarta tana nan Victoria Island kafin a mai da ita Abuja. Abin da na gani da idona shi ne, karatun nesa yana ƙara wa mai himma, rago kuma yana ba shi wurin ɓuya. Ɗana Na-Agege, kada ka yi musu kuɗin goro.

Malam Na-Agege: Allah ya ƙara girma, Baba. Ban ja da ku ba. Amma NTI darussa irin su lissafi da Turanci ta fi koyarwa, kuma ko ita ana haɗuwa ido da ido a cibiya. Sannan ba a daji muke ba, a Legas muke. Ga sashen fasahar ƙirƙira na Jami'ar Legas a Akoka, daga Idi-Araba tafiyar minti nawa ce? Ga LASU a Ojo, ga jami'ar ilimi ta jiha a Ijanikin da aka ɗaga darajarta a 2022. Ga makarantar koyon kiɗa ta MUSON a Onikan ga mai son hannunsa ya faɗa. Me ya kai mu Boston?

Maman Ummi: Malam, nisan Akoka ba shi ne damuwata ba, lokaci ne. Ƙarfe 7 na safe ina makaranta, ba na fitowa sai bayan la'asar, kuma makarantar kuɗi ce, ba su san hutun karatu ba. Wanda ya tafi, kafin mako ya zagayo an sa wani a kujerarsa. Ga yajin aikin malaman jami'a kuma, na 2022 wata 8 ya ci. Ni ba zan iya fara abin da ban san ranar gamawa ba.

Hajiya Akanta (Ebute Metta): Ƙanwata, ni maganar aljihu zan yi miki, don ita ce ke kashe irin wannan buri a tsakiyar hanya. Da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara karatu da lissafin farko, kuɗin ya ninka masa sau uku yana zaune. Albashin malamar makarantar kuɗi a Legas ba zai ɗauki wannan ba sai da tallafi. Ki kuma duba agogo. Darasin ƙarfe 7 na yamma a Boston, ƙarfe 12 na dare ne a nan, lokacin hunturunsu kuma ƙarfe 1. Ki tambaya ko dole ne a halarta kai tsaye ko ana ajiye darasi mutum ya kalla lokacin da ya samu sarari. Wuta da data ban ma kawo su ba.

Malam Na-Agege: Ki ƙara da takardar kanta, Hajiya. Mun ga abin da ya faru a Janairun 2024, da ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni kaɗan, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo.

Hajiya Akanta: A'a Malam, wannan zalunci ne. Shagon buga takarda a Kwatano ba ɗaya yake da jami'ar da duniya ta sani ba. Abin da ke daidai a maganarka shi ne, duk takardar waje sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya an tantance ta. Ta nemi amsa a rubuce kan digirin da aka yi ta intanet tun kafin ta biya ko sisi, musamman idan tana hangen aikin gwamnati ko koyarwa a kwaleji.

Ustaz (Alaba Rago): Ni tambayata dabam ce. Malamai sun yi saɓani kan kayan kiɗa, kowa ya sani, kuma iyaye da yawa cikin mutanenmu ba sa so. Ya dace 'yar'uwa ta zuba dukiya da shekaru a nan?

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri, Ustaz. Darasin yana cikin manhajar ƙasa, 'ya'yanmu na Agege da Mile 12 suna zaune a ajin ko mun so ko mun ƙi. In ban tsaya a gabansu ba, wanda bai san iyakokinmu ba ne zai tsaya. Ni na san abin da zan sa a bakin yaro da wanda ba zan sa ba.

Ɗan Sarkin Kiɗa (Mile 12): Na yi shiru ne don in ga ko wani zai taɓo abin da ke ci mini rai, ba wanda ya taɓa. Kuna ta intanet ko aji, dala ko naira. Kiɗan wa za a koya mata ta koyar? Ni gidan kalangu na tashi, kakana makaɗin mahauta ne, yanzu ina koyar da Hausa. Ku shiga kowace makaranta a garin nan, darasin kiɗa do-re-mi ne da layuka biyar da sarewar roba. Yaron da ubansa ke kiɗa a kara zai zauna a koya masa sunayen mawaƙan Jamus, ba wanda zai gaya masa cewa abin da ke rataye a ɗakinsu ilimi ne. Kalangu ba ya tsayawa kan murya ɗaya kamar fiyano. Matsa tsarkiya kake da hammata, murya ta hau, ka saki ta sauka, tana bin hawa da saukar maganar Hausa, shi ya sa mai kunne ke jin kirarinsa a ciki ba tare da an buɗe baki ba. Wannan zamiyar layuka biyar ba sa kama ta yadda take. Kuma kowane kiɗa da ma'abotansa: tambari da kakaki na sarki, kotso da taushi na fada, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba. Farfesan Boston ya san wannan? A gida ma ba mu tsira ba. A Kano da Zariya da Sakkwato an rubuta kundaye masu yawa kan Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, amma galibi a sashen Hausa, ana nazarin jigo da salo da baiti. An kwashe kalmomin an bar gangar a ƙasa. Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya 2015, makaɗan da suka tsaya bayan irin waɗannan mutane suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke hannunsu. Maƙwabtanmu Yarabawa, gangan da dundun ɗinsu 'yan'uwan kalangu ne, amma sun shigar da nasu jami'a da coci da makaranta. Mu muna jin kunyar namu.

Malama Talatu: Ɗan'uwa, ka taɓa ni. Sai dai ka san wani abu? Kodály, mutumin Hungary da ake koyar da hanyarsa a irin waɗannan kwasa-kwasan, ƙauyukan ƙasarsu ya bi yana tattara waƙoƙin manoma, kuma tushen hanyarsa shi ne a fara wa yaro da waƙoƙin harshen uwarsa. Wanda ya fahimce shi da gaske, ba waƙar Hungary zai kawo Idi-Araba ba, waƙar gaɗa da ta tashe da ta reno zai ɗauko. Farfesan ba sai ya san kalangu ba. Aikinsa ya koya mata yadda ake tattarawa, a jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a gwada a aji, a rubuta. Kalangun kuwa yana Mile 12. In ta tafi Amurka da ƙafarta ta yi nesa da shi, in tana nan mota ɗaya ce.

Malam Na-Agege: To wa zai duba kundin? Wanda bai taɓa jin kalangu ba, in ta rubuta kuskure ma hannu zai sa. Ina nan kan bakata, kunnen da bai zauna gaban gwani ba, intanet ba za ta buɗe shi ba. Ta fara zama gaban mahaifin wannan bawan Allah shekara guda, sannan mu yi maganar Boston.

Maman Ummi: Wannan sharaɗin ban ƙi shi ba, Malam, amma ba sai ɗaya ya jira ɗaya ba. Yau zan rubuta wa jami'o'in kan takarduna da tallafi da lokacin darasi. Malam Ɗan Sarkin Kiɗa, Baba zai yarda in riƙa zuwa ranar Asabar? Kuma zai yarda a ɗauki sautinsa?

Ɗan Sarkin Kiɗa: Zan tambaye shi bayan isha'i. Zuwa kam ba zai hana ki ba. Ɗaukar sauti ne sai mun zauna. An sha zuwa da rikoda gidanmu, a sha ruwa a yi godiya a tafi, wani ya zama dakta da hannun tsoho, ko sunansa ba a sa a kundin ba. In za ki ɗauka, sunansa zai fito a matsayin malami, za ki biya shi kamar yadda za ki biya na Boston, kuma kwafin duk abin da kika naɗa zai zauna a gidanmu.