Kiwon kunkuru da macizan da suka kusa ƙarewa: ceto ne ko kasuwanci?

Ɗalibin Kimiyyar Dabbobi:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan wani batu da ya daɗe yana damuna. Masu kiwon dabbobi masu jan ciki a Turai da Amurka, wato macizai da ƙadangaru da kunkuraye, sukan ce sana'arsu kariya ce ga waɗannan halittu, domin idan kasuwa ta wadata da waɗanda aka ƙyanƙyashe a gida, babu wanda zai nemi na daji. Amma na lura cewa jinsin da ya fi ƙaranci a duniya shi ne ya fi tsada a wurinsu, kuma shi suke rububin mallaka. Shin akwai jinsin da kuɗi ya cece shi da gaske, ko kuwa fakewa kawai ake yi da sunan kariya?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara duba labarin kunkurun Madagaska da mutanen can suke kira angonoka. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a kewayen gaɓar Baly da ke arewa maso yammacin tsibirin. Ƙoƙon bayansa dogo ne mai ruwan zinariya, kuma a ƙarƙashin wuyansa akwai wani tsini mai kama da bakin garma, wanda maza suke kifar da juna da shi lokacin barbara. Wannan kyau da wannan ƙaranci su ne suka jawo masa masifa.

A 1986 ƙungiyar kare namun daji ta Durrell ta buɗe cibiyar kiwonsa a Ampijoroa, ba don sayarwa ba, sai don a mayar da 'ya'yan daji. Bayan shekara 10 ana wahala, a watan Mayun 1996, ɓarayi suka yanke shingen cibiyar suka kwashe kunkuru 75, manya 2 da ƙanana 73, kuma daga baya aka gano wasunsu a Holan. A watan Maris na 2013 jami'ai suka kama guda 54 a cikin kaya a filin jirgin saman Bankok. Abin ya kai ga masu kula da shi suna sassaƙa haruffa da lambobi a bayan kunkurun da hannunsu, suna ɓata kyawunsa da gangan domin ya rage daraja a idon masu saye. Ban san abin da ya fi wannan ban tausayi a aikin kare dabbobi ba.

Dalilin da ya sa hujjar 'yan kasuwa ba ta aiki a nan a fili yake. Macen angonoka takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara ƙwai, kuma ƙwan kaɗan ne, don haka babu gonar da za ta iya cika buƙatar kasuwa. Ga mai son riba, biyan wani talaka ya ɗauko daga daji ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ciyar da dabba shekara da shekaru, kuma duk wanda aka ɗauke, farashin sauran sai ya ƙara hawa.

Likitar Dabbobi:

Baba, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, amma bai kamata ɗalibinmu ya tafi da tunanin cewa duk inda kuɗi ya shiga ɓarna ce ba. A Yankin Arewa na Ostireliya, farauta ta rage kadojin bakin teku har suka koma kimanin 3,000 kafin a hana kashe su a 1971, yau kuwa sun kai wajen 100,000. Hanin ne ya fara dawo da su, amma abin da ya sa mutane suka jure zama da dabba mai cin shanu, har da mutane, shi ne tsarin da ya ba da damar ɗebo ƙwai daga fadama a kai gonaki, a yi kiwo a sayar da fata ga masu yin jakunkuna, a kuma biya masu filayen, ciki har da al'ummomin 'yan asalin ƙasar. Kada tana zuba ƙwai da dama a sheƙa ɗaya, ambaliya kuma takan lalata mai yawa daga ciki ko da ba a taɓa su ba, saboda haka ɗibar ba ta karya jinsin. Mai fili ya daina ganin fadamar a matsayin wurin da za a busar, tunda tana kawo masa kuɗi kowace damina.

Akwai kuma wata tsaka mai tukku ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Pasifik, wadda aka ɗauka ta ƙare har sai da aka sake ganinta a 1994. Masu kiwo sun hayayyafa ta har ta yi araha, kamo ta daga daji ya zama aikin banza. Sai dai wannan bai hana haƙar ma'adinai da gobarar daji cin kurmin da take zaune ba.

Malamar Jami'a:

Ina so in ƙara abin da ya shafi takardu, domin a nan ne yawancin ha'incin yake. Yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975, ta sassauta wa dabbar da aka haifa a gona fiye da wadda aka kamo, kuma a kan takardar izini harafi ɗaya ne yake bambanta su. Wannan ya buɗe ƙofa ga gonakin da ba kiwo suke yi ba, matattara ce kawai inda ake ajiye dabbar daji kwanaki kaɗan a canza mata takarda. Binciken da masana biyu, Lyons da Natusch, suka wallafa a 2011 a kan koriyar mesar bishiya ta Indonesiya ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake fitarwa da sunan 'yan gona daga daji aka kamo su.

Batun ya iso har yankinmu. Togo da Benin da Ghana su ne manyan masu fitar da ƙaramar mesar nan da take dunƙulewa idan ta tsorata, kuma tsarin ya dogara ne a kan haƙo mata masu ciki da ƙwai daga ramuka. Sannan ga babban kunkurun Sahel, na Nijar da Mali da Chadi da Sudan, wanda ya cika gidaje a Amurka har wuraren karɓar dabbobin da aka gaji da su suna kukan yawansa, alhali a ƙasarsa ta asali yana cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Yawansa a can bai ƙara ko ɗaya a dajinmu ba.

Ɗalibin Kimiyyar Dabbobi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To, Baba, idan wani ya ce mini yana kiwo ne don kariya, me zan tambaye shi?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:

Ka tambaye shi inda iyayen dabbobinsa suka fito da takardar da ta nuna haka, ka tambaye shi nawa ya taɓa mayarwa daji, sannan ka tambayi ko wani abu daga cinikin yana isa ga mutanen da suke zaune da dabbar. Ka auna amsarsa da aikin da aka yi a tsibirin Española na tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, inda kunkuru 14 kacal suka rage, mata 12 da maza 2, aka ƙaro namiji na uku mai suna Diego daga gidan dabbobin San Diego. An ajiye tarihin zuriyarsu, an kawar da awakin da suka cinye tsirran tsibirin, an saki 'ya'ya kusan 2,000, sannan a watan Yunin 2020 aka mayar da iyayen gida aka rufe shirin. Mai kiwon da yake haɗa jinsi da jinsi don fitar da launi mai tsada ba zai iya yin haka ba ko da ya so, domin hukumomin kare dabbobi ba sa sakin dabbar da ba a san asalinta ba, gudun kada ta kai cuta ko ta gurɓata zuriyar 'yan kaɗan da suka rage.