A ina zan ɗora manhajata daga baƙin allo?

Auta: Salamu alaikum. Na gama manhajar rajistar ɗaliban islamiyyarmu da Django (kayan gina manhajar yanar gizo), tana tafiya lafiya a kwamfutata. Ina so in ɗora ta a intanet daga baƙin allo, wato terminal inda ake rubuta umarni, ba danne-danne. Ina kuka ga ya dace? Aljihun ba nauyi.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Kamfanin Fly.io. Ka buga fly launch, sannan fly deploy, magana ta ƙare.

Hajiya: Da can kamfanin Heroku za mu ce maka, git push heroku main ka tafi shan shayi. Tun Nuwamban 2022 suka daina na kyauta.

Yaya Babba: Auta, kafin zancen wuri, rumbun bayananka wanne ne? In SQLite ne, mai ajiye komai a fayil ɗaya a faifai, dakata. Na taɓa ɗora wa wani kantin magani manhaja a wani kamfani, ana ta shigar da kaya ana murna. Ran da na tura ƙaramin gyara, aka wayi gari rumbun wayam. Irin waɗannan wuraren duk sanda ka tura gyara sabon akwati suke gina wa manhajar, abin da ka ajiye a faifan tsohon ya tafi tare da shi. Mai kantin da yaransa suka koma kan rasit suna shigarwa ɗaya bayan ɗaya, har yau ina jin nauyinsa. Ka koma rumbun PostgreSQL da ke zaune daban da manhajar, ka riƙa kwafe shi da pg_dump. Hotunan ɗalibai ma a nema musu ma'aji daban.

Auta: Innalillahi. SQLite ɗin ne kuwa, Yaya.

Malam: Shi ya sa nake cewa ku kama hayar saba, wato kwamfutar da ke kan intanet kullum, sukutum a Hetzner ko DigitalOcean. Ka shiga da ssh, ka tafiyar da manhajar da nginx da gunicorn, faifanka naka ne.

Ɗan Zariya: Malam, yaron da bai gama koyon git, abin adana sauye-sauyen lambar manhaja, ba za ka damƙa wa nginx?

Malam: Mu wa ya tauna ya ba mu?

Hajiya: An fara ke nan 😂

Malam: In ka shiga ta ssh, fara buɗe tmux, mai riƙe maka aiki a kan sabar. Ko sabis ya yanke, aikinka bai tsaya ba.

Hajiya: Kuma kar fayil ɗin .env mai kalmomin sirri ya shiga GitHub, inda ake ajiye lambar manhaja. A saitin Django, DEBUG a kashe, ALLOWED_HOSTS a cike.

Ɗan Zariya: Wai da wane kati kuke biyan dala yanzu? Nawa jiya ma ya ƙi.

Yaya Babba: Ka kira ni bayan isha'i.

Auta: To ni fa, wanne zan ɗauka?

Malam: Gyara rumbun tukuna.