Banki ya riƙe mini kuɗi saboda sunana: doka ce ko wariya?

Mai yadi, Agege:
Assalamu alaikum. Ina sayar da yadi a kasuwar Balogun da ke Legas, kuma shekara shida ke nan ina biyan mai turo mini kaya daga Dubai ta banki ɗaya. A wannan karon kuɗin sun kwana tara ba su isa ba, sannan aka nemi in kawo fasfo da takardar cinikin kayan. Ma'aikacin ya ce sunana ya yi kama da wani da ke cikin jerin waɗanda aka sa wa takunkumi. Shin doka ce ta ba su wannan iko, ko kuwa don sun ga sunan ɗan Arewa ne?

Ma'aikaciyar banki, Marina:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Doka ce, domin dokar hana ta'addanci ta 2022 ta wajabta wa bankuna su gwada sunayen abokan hulɗarsu da jerin Majalisar Ɗinkin Duniya da na Kwamitin Takunkumi na Najeriya. Idan kuma dala ka aika, za ta bi ta wani banki a Amurka, shi ma ya duba jerin Ma'aikatar Baitulmalin ƙasarsa. A watan Maris na 2022 ma'aikatar ta sa wa 'yan Najeriya shida takunkumi, bayan kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta same su da laifin tura wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai, kuma sunayensu irin waɗanda ake samu ne a kowace unguwa a Kano. Kwamfuta haruffa take gwadawa, ba ta rarrabe Muhammad da Mohammed da Muhammadu, sai ma'aikaci ya zauna ya duba ranar haihuwa da lambar fasfo kafin ya saki kuɗin. Da sun tabbata kai ne, da tuni an rufe asusunka baki ɗaya.

Ɗan canji, Idi-Araba:
Alhaji, kada haushi ya sa ka koma aikawa ta asusun ƙaninka, ko ka riƙa rarraba kuɗin don kauce wa ƙa'idar kai rahoton hada-hadar da ta wuce naira miliyan 5 ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi ta Najeriya, domin wannan shi ne abin da yake jawo zargi na gaske. Mu 'yan canji mun ga yadda Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a Maris na 2024, kuma rashin miƙa irin waɗannan rahotanni yana cikin dalilan.

Malamin makaranta, Obalende:
Na yarda da bayanin Hajiya ma'aikaciyar banki, amma kwana tara ya yi yawa a kan aikin duba fasfo. Ka rubuta wa bankin ƙorafi, ka karɓi shaidar sun amsa, idan mako biyu ya cika ba su warware ba ka kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Ka kuma tabbata yadda aka rubuta sunanka a BVN da NIN da fasfo duk iri ɗaya ne.