Ƙwayoyin T ɗina sun ƙi motsi a sitometa, ku taimaka

Ɗalibar masta: Salamu alaikum ƴan uwa. A Yamai nake, sutunansi (ranar kare aikin digiri) ta matso, malamina ya yi tafiya, waya ma ba ya ɗauka. Da sitometa, mashin mai auna ƙwayoyi da hasken leza, nake auna shigar kalsiyam cikin ƙwayoyin T (ƙwayoyin garkuwar jiki) na mutane; mun daskarar da ƙwayoyin da DMSO 10% (maganin da ke kare su lokacin daskarewa), suna firiza ta digiri -80 tun bara. Na narke su, na sa Fluo-4 (rinin da ke haske in kalsiyam ya shiga), na zuba anti-CD3 (maganin da ke tayar da ƙwayoyin T), amma layin hasken a mashin na kwance sharɓan. Ko da ionomycin, mai shigar da kalsiyam da ƙarfi, layin ɗan tashi kaɗan ya yi. Kuɗin maganin nan daga aljihun babana ya fito. Me zan yi?

Tsohon labo: Ƴata, zubar da su. Firiza ta -80 ta ajiyar ɗan lokaci ce, ajiya mai tsawo sai azot (naitrojin) mai ruwa, -196. Ki nemi sabon jini. Kuma aikin nan na rinin Indo-1 ne, shi ke ba da rabo tsakanin haske biyu.

Ɗalibar masta: Baba, mashin ɗinmu ba shi da lezar UV da Indo-1 ke buƙata, lezar 488 muke da ita. Jinin kuwa na marasa lafiya ne, ina zan sake ganinsu?

Wata ma'aikaciya: Ƙanwata, cikin wane ruwa kika karanta su? In ruwan gishirin PBS ne marar kalsiyam, ko kuma akwai EDTA mai kama kalsiyam a ciki, me zai shiga ƙwayar? Gwada ruwan HBSS mai kalsiyam da magneziyam, tub ɗin na 37 digiri. Anti-CD3 shi kaɗai sau da yawa bai isa ba, sai an ƙara magani na biyu da zai haɗa anti-CD3 ɗin da juna. Ki bar su su kwana a inkubeta tukuna.

Tsohon labo: Kwana? Wasunsu za su mutu. Awa biyu ta isa. Amma dai maganata tana nan, ƙwayoyin sun lalace.

Wani ɗalibi: Mu namu rinin wata uku ya yi a hanya, ya iso da ɗumi kamar shayi. Ga ɗauke wuta lokacin zafi, wa ya san sau nawa firizarku ta narke?

Ɗalibar masta: Muna da janareto. Kuma na ƙirga da rinin trypan mai nuna matattu, yawancinsu na da rai. Yadda aka koya mini na bi, ban canza komai ba.

Wata ma'aikaciya: Rai daban, amsawa daban. Har yanzu ba ki faɗi ruwan ba.

Ɗalibar masta: Wanda kowa ke aiki da shi a labo ne, Anti. To rinin Fura Red fa, mai aiki da 488, akwai mai ɗan saura a Yamai?