Neman gwanin haɗa manhaja a Bauchi, abin da muka tattauna

Jiya bayan isha'i a teburin mai shayi kusa da Wunti aka tayar da maganar ɗaukar masu haɗa manhaja. Kusan kowa ya yarda gwanayen suna nan, amma da yaro ya goge sai ya wuce Abuja ko Legas, ko yana ɗakinsa a Yelwa yana yi wa kamfanin waje aiki ana biyansa da dala, to kai da nairarka ta ina za ka fara.

Shawarar da ta fi kwanta min, ka bar kallon kwali, ka ce wa mai neman aikin ya nuna maka GitHub ɗinsa, wato shafin intanet da masu haɗa manhaja ke ajiye ayyukansu, ka ba shi ɗan aikin sati ɗaya ka biya shi, ka ga ko yana ɗaga waya in abu ya lalace. Wani kuma ya ce a ɗauki ɗaliban jami'ar ATBU masu SIWES, wato zaman koyon aiki da ɗalibai ke yi a ma'aikatu, a haɗa su da babba ɗaya yana duba musu aiki. Wuta da data kam a kanka suke, in ba sola kar ma ka fara.

Kuma kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, da fasuwod su zauna a hannunka tun ranar farko, ni wani yaro ya taɓa ɓacewa da nawa, sai da muka sake komai daga tushe.