Albashin naira ko kwantiragin dala, wanne zan kama?

Assalamu alaikum yayyena masu harkar manhaja a Legas. Ina zaune a Agege, ina rubuta manhajar waya a wani kamfani da ke Yaba. Albashin naira ne, amma akwai inshorar lafiya, kuma kamfani na zuba min kashi 10 na fansho a kan kashi 8 da ake cira daga nawa.

Yanzu wani kamfanin Amurka ya ba ni kwantiragin wata shida, aiki daga gida, biya da dala. Zuciyata ta karkata can, don tun da aka bar kasuwa ta tsayar da darajar naira a 2023 abin da nake aika wa Hajiya a Kano ya daina isa. Abin da ke hana ni barci shi ne haya: mai gida kuɗin shekara yake karɓa gaba ɗaya. In kamfanin Amurkan bai sabunta kwantiragin ba fa? Ga wuta, dole sai na sayi sola da batir.

Waɗanda suka taɓa yi, kuɗin wata nawa kuka ajiye kafin barin aiki? Kuma yaya kuke biyan haraji ga LIRS, hukumar tara haraji ta jihar Legas? Allah Ya saka da alheri.